Rage shinkafa ya wartsakar da ni, amma ranar Talata suga ya faɗi ina tuƙi

Abu Sumayya (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya tsaya min a rai ne tun shekaranjiya. Ni direba ne, Hiace nake ja, ina ɗaukar masu Umra daga filin jirgin Jidda zuwa Makka, wani lokaci har Madina. Shekara shida kenan da aka ce ina da ciwon suga nau'i na biyu, ina shan metformin safe da dare, da wata ƙwaya guda da safe mai suna gliclazide. Matsalata tun da can barci ce, na bayan azahar. In mun tsaya a istiraha, wato wurin hutun matafiya, kan hanyar Hijra na ci rabin kaza da shinkafar mandi na kora da lemon gwangwani, to kafin mu yi kilomita 50 idanuna sun yi nauyi, sai in ta tauna cingam, in sauke gilashi, in tsaya in sayi shayi mai suga wai ya wartsakar da ni, minti ashirin barcin ya dawo ya fi na farko. Wata rana na daure na gwada suga awa biyu bayan cin abinci, na ga 270. Taraakumi kuma, gwajin nan na wata uku, ya ba ni 9.1.

To sati uku da suka wuce na yanke shawara ni kaɗai na rage sitaci. Na bar burodin tamis da safe, sai ful da ƙwai biyu. Da rana kaza da salak, shinkafa cokali huɗu ko biyar. Lemo na daina kwata-kwata. Wallahi 'yan uwa kamar an yaye min wani mayafi daga kai, na yi Makka zuwa Madina, wajen kilomita 450, ko hamma ban yi ba, abin da na manta rabona da shi.

Sai ranar Talata. Na sha ƙwayoyina da asuba na ci ƙwai da laban kawai, jirgin baƙina ya yi latti na zauna a filin jirgi har bayan ƙarfe ɗaya ban sa komai a baki ba. Mun kusa shingen Shumaisi sai na ji gumi yana keto min alhali AC na aiki, hannuna na rawa a kan sitiyari, rubutun allunan hanya ya fara zama biyu-biyu. Allah ya taimake ni na gangara gefe. Wata tsohuwa daga Katsina da ke bayana ta ce ɗana lafiya, na kasa haɗa magana, ita ta kwance bakin gyalenta ta miƙo min dabino uku. Da na samu na gwada, 58 na gani, kuma bayan na riga na tauna guda ne. Mutum goma sha ɗaya ne a motar, har da jariri. Tun ranar in na tuna sai gabana ya faɗi. Yanzu ni na rasa, in koma shinkafata in ci gaba da fama da barci a hanya, ko in ci gaba da wannan in faɗi a hanya? Duk wanda ya san wani abu don Allah ya faɗa min.

Maman Hanan (Misfala):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu Abu Sumayya, Allah ya tsare gaba, Allah ya saka wa tsohuwar nan da alheri. Tambaya ɗaya, da ka rage abincin ka gaya wa likitanka? Don maigidana ma haka ya yi bara, kuma abu na farko da duktura ta yi shi ne ta taɓa maganin.

Abu Sumayya (Jidda):
A'a Hajiya, ban gaya masa ba. Ranar ganinsa sai wata mai zuwa, na ce in na je sai in nuna masa sakamako.

Sadik_Riyad:
kawu karka koma shinkafa wlh, abinda kayi daidai ne kawai baka karasa bane. matsalar maganin ce ba abincin ba, ka watsar da kwayoyin gaba daya ka shiga keto sosai, kasa da giram 20 na sitaci a rana, nama kwai man zaitun avocado shikenan. ni wata biyar kenan na sauke kilo 11, taraakumi na daga 8.4 ya dawo 6.2 kuma kwakwalwata tana aiki kamar ba ni ba, a wajen aiki har tambayata ake me nake sha. duk na ajiye magungunan sai guda daya kawai mai fitar da suga ta fitsari shi na bari saboda yana taimaka min da kiba. likitoci bazasu fada maka haka ba

Ummu Faisal (nas, Madina):
Wa alaikumus salam. Abu Sumayya sannu, Allah ya kiyaye. Bari in fara da kai sannan in zo kan Sadik don maganarsa ta tayar min da hankali.

Abin da ya same ka hubuɗ ne, faɗuwar suga, kuma duk abin da ya yi ƙasa da 70 sunansa kenan. Ba rage shinkafar ce laifi ba. Ƙwayoyinka biyu ba aiki ɗaya suke ba. Metformin yana hana hanta ta riƙa zuba suga da yawa cikin jini ne, shi kaɗai da wuya ya kayar da mutum. Amma gliclazide, wanda wasu suka fi sani da Diamicron, da ɗan uwansa glimepiride, su matsa wa wata gaɓa ta cikin ciki suke, wato pankiriyas, ta fitar da insulin, ko ka ci ko ba ka ci ba. An auna maka adadin ƙwayar ne lokacin da kake cin tamis da faranti cike da shinkafa da lemo. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa wajen giram 45 ne na sitaci, farantin mandi kuwa kofi nawa ne a ciki, ga gwangwanin lemo da wajen giram 35 na suga zalla. Ka cire duk wannan, ƙwayar kuma tana nan da ƙarfinta na da, ka ƙara da awa bakwai ba abinci. Dole ta ja ka ƙasa.

Don haka kar ka jira wata mai zuwa. Gobe ka je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ko ka kira 937 na ma'aikatar lafiya, ka ce musu kai direba ne, ka rage sitaci, kuma ka ga 58 kana tuƙi. Kalmar direba ɗin nan ka nanata ta, don tana canza irin maganin da likita zai zaɓa maka. Kafin nan kar ka ta da mota sai ka gwada, in ka ga ƙasa da 90 ka ci wani abu tukuna, in tafiyar mai nisa ce ka sake gwadawa duk bayan awa biyu. A gaban mota ka ajiye ƙaramin asir na kwali, wato ruwan 'ya'yan itace, ko dabino ko suga, inda hannunka zai kai, ba a but ba. In ya faɗi, ka tsaya, ka sha abin da ya kai giram 15, rabin kofin asir kenan ko ƙananan dabino uku, ka jira minti 15 ka sake gwadawa. Ko ya hau ma kar ka yi saurin komawa titi, ƙwaƙwalwa takan ɗauki kamar minti 45 kafin ta dawo daidai.

Sadik ƙanina, maganin da kake ci gaba da sha ɗin nan, Jardiance ne ko Forxiga?

Sadik_Riyad:
Jardiance ne anti, meye matsalarsa

Ummu Faisal (nas, Madina):
To don girman Allah gobe-goben nan ka ga likita ka gaya masa irin abincin da kake ci. Wannan rukunin maganin in aka haɗa shi da keto mai tsanani yana iya jawo abin da ake kira ketoasidosis, jini ya yi tsami, kuma abin tsoron shi ne jihaz, na'urar gwajin suga, zai iya nuna maka suga lafiya lau, 140 ko 160, kai kuma kana cikin haɗari. In ka ji tashin zuciya da amai, ciwon ciki, numfashi na fita da sauri da kasala mai yawa, ba zama za ka yi ba, ɗawari', sashen gaggawa na asibiti, za ka nufa ko a kira motar asibiti a 997. Na yi murna da kilo 11 ɗinka wallahi, ƙoƙari ne babba. Amma ka daina ce wa mutane su zubar da magani, ba ka san abin da ke jikin kowa ba, akwai mai ciwon ƙoda a nan, akwai mai allurar insulin, akwai mai juna biyu.

Baba Rusaifa:
Assalamu alaikum. Ni shekarata 68, shekara 41 a Makka, kuma shekara 14 ina da wannan lalura. Ni dai ban gamsu da a ce tuwo da shinkafa sun zama abin gudu ba. Iyayenmu a gida tuwon dawa da na gero suka ci har suka koma ga Allah, da fura da rana, ba mu ji suna suga ba. Ni yanzu haka in ban ci tuwo da dare ba barci ba ya zuwa min. Kuma dabino Manzon Allah SAW ya yabe shi, hadisin ajwa bakwai da safe yana cikin Bukhari. Yanzu yara sun zo suna cewa a ci nama da mai kawai, wannan ai wani ciwon za a nemo. Ɗana Abu Sumayya ka ci abincinka daidai misali ka sha maganinka, ka riƙa yin ƙailula kafin ka kama hanya, Allah ne mai tsarewa.

Ɗan Gadarif:
Baba Allah ya ƙara girma, maganarka akwai gaskiya amma a bar ni in ƙara kaɗan. Ni a Gadarif aka haife ni, kakanninmu daga Sakkwato suka zo, kuma garinmu garin dawa ne da riɗi. Mahaifina kisra da asida ya ci duk rayuwarsa bai yi suga ba, amma shi daga asuba yana gona har rana ta take, da ƙafa yake zuwa da ƙafa yake dawowa. Ni ɗansa ina Dammam ina gadin sito, awa goma sha biyu a kan kujera cikin AC, kuma ban rage komai daga abin da yake ci ba, sai ma ƙari, ga shayinmu na Sudan da kowa ya sani, cokali uku na suga a ƙaramin kofi, sau biyar sau shida a yini. Ni da na zauna na lissafa sai na ga shayin kaɗai ya fi abincin yi min ɓarna. Ban bar kisra ba, na dawo da ita falle biyu maimakon biyar, na yawaita mulah na weka, wato miyar busasshiyar kuɓewa, shayi kuma ba suga sai na'ana'a da kirfa. Satin farko ɗaci kamar maɗaci, yanzu in aka ba ni mai suga ba na iya shanyewa. Barcin da ke kama ni a bakin aiki wajen ƙarfe uku, wanda ya taɓa sa aka rubuta min takardar gargaɗi, ya tafi. To Baba abincin iyaye ba shi da laifi, zaman da muke yi ne ba irin nasu ba.

Sadik_Riyad:
anti naji kuma zanje insha Allah, ban san da wannan ba gaskiya. amma ai a Ingila anyi bincike mutane sun warke gaba daya daga suga ta hanyar abinci, ba karya nake ba

Ummu Faisal (nas, Madina):
Ba ƙarya kake ba, an yi. Sunan binciken DiRECT, sakamakonsa ya fito a 2017, kuma kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin sun kai shekara guda suganu na ƙasa da ma'aunin ciwo ba tare da magani ba. Amma ka lura da abu uku. Ba keto suka yi ba, abincin ruwa ne na kalori wajen 850 a rana na tsawon wata uku zuwa biyar. Duk mutanen ciwon bai wuce shekara shida a jikinsu ba. Kuma ma'aikatan lafiya ne suka cire musu maganin suna bibiyarsu, ba su suka cire da kansu ba. Abin da ya yi aikin rage ƙiba ne, waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye su suka fi dacewa nesa ba kusa ba. Sannan ba a ce masa warkewa, lafawa yake, a shekara ta biyu adadin ya sauko zuwa kashi 36, in ƙiba ta dawo shi ma yana dawowa.

Baba kuma, Allah ya ja kwana, ba wanda ya isa ya haramta tuwo ko dabino. Rage sitaci mataki-mataki ne. Ƙasa da giram 130 a rana ma an kira shi ragewa, kuma a cikin wannan akwai wurin malmala ƙarama da dare. Keto irin na Sadik, ƙasa da giram 50, shi ne can ƙarshe, ba kowa ke buƙatarsa ba, ba kowa ke jure shi ba. Dabino kuwa ƙarami yana da giram 5 zuwa 7, babba irin majdul yana kai 15 ko fiye, to bakwai a zama ɗaya ga mai suga ba ƙaramin abu ba ne. Baba ku gwada da jihaz ɗinku, kafin ci da awa biyu bayan ci, in bai haura 180 ba to jikinku ya karɓa. Maganar ƙailula kuwa ina bayanku ɗari bisa ɗari.

Hajiya ta Karantina:
Duk na ji bayananku amma ku faɗa min da wane kuɗi. Mu tara ne a gida, buhun shinkafa shi ke rufa mana asiri, khubz riyal ɗaya ka samu leda. Sadik yana maganar avocado da man zaitun, shi kaɗai yake ciyar da kansa. Ni da nake da suga in ce za a dafa min tukunya daban kullum, yaran su ci me? Ga sharayit, tsinken gwajin suga, su ma kuɗi ne, wani watan sai in ta lallaɓa kwali ɗaya. Kuma ku sani ba kowa ne a cikinmu takardunsa suka ba shi damar shiga asibiti yadda yake so ba, a riƙa tuna wannan in ana cewa je ka ga likita gobe.

Maman Hanan (Misfala):
Hajiya wallahi kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, don ni abinci nake sayarwa kuma tukunya ɗaya nake yi wa gida. Bari in gaya miki yadda nake yi wa Baban Hanan. Ba na dafa masa daban, faranti nake canzawa. Da can tuwo ne a tsakiya miya a gefe, yanzu miya ce a kwano babba, malmala ɗaya ƙarama kamar dunƙulen hannuna a gefe. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi, mulukiyya da ake samu ko ina a nan da araha, duk suna cika ciki ba sa ɗaga suga. Kabeji guda ɗaya in na yanka shi siriri na soya sama-sama da albasa da attaruhu na fasa ƙwai biyu a kai, ya ishe shi kalaci har ya rage. Zogale busasshe da masu zuwa Umra ke kawo mana, in jiƙa in yi kwaɗo da ƙuli, sai dai ban sa suga a ciki kamar yadda wasu ke yi. Gwangwanin tuna, hantar kaza, ƙafar kaza a farfesu, ful na baƙala, adas, ba ɗaya da ya fi ƙarfin talaka. Ful da adas da wake suna da sitaci su ma amma a hankali suke shiga jini ba kamar farin burodi ba. Ranar da aka yi kabsa sai in fara ba shi salak da naman, shinkafar ta zo ƙarshe, ludayi ɗaya, duktura ce ta koya mana wannan kuma mun gwada mun ga bambanci a jihaz. Bayan isha'i kuma maimakon ya kishingiɗa sai ya taka zuwa masallaci mai nisa ya dawo, minti goma sha biyar. Ranar da yake kwaɗayi sai ya sayo siriya, tsirenmu ne dai da mutanen Hijaz suka karɓa, ya ci da albasa da tumatir ba burodi.

Maganar sharayit kuma, ba sai kin gwada sau huɗu kullum ba in ba insulin kike ba. Mu abin da muka yi, kowane abinci da muka saba ci mun gwada shi sau ɗaya ko biyu muka rubuta a bayan kalanda. A nan muka gane ma'asub, haɗin nan na ayaba da burodi, da kunun gyaɗa mai shinkafa su ne manyan abokan gabarsa, alhali ɗanwake da muke tsoro bai kai su ba. Jikin kowa daban, naki zai iya nuna wani abu.

Hajiya ta Karantina:
Allah ya biya ki Maman Hanan, wannan ita ce maganar da zan iya ɗauka in yi aiki da ita. Na kabejin nan gobe zan gwada.

Direban Ɗa'if:
Abu Sumayya abokin sana'a, sannu. Ni tirela nake ja. Abu ɗaya zan ƙara, ba duk barcin hanya ne na suga ba. Ni na gyara abinci tsaf, taraakumi ya sauka 7, amma barci na nan. Uwargida ce ta ce da dare ina minshari sai numfashina ya ɗauke kamar an shaƙe ni sannan in zabura. Aka kwantar da ni dare guda a asibiti da wayoyi a jiki, aka ce numfashi ne ke yankewa cikin barci, kuma wai ya yi yawa a masu suga da masu ƙiba. Yanzu da na'urar iska nake kwana. Sannan ruwa, a zafin nan namu da har gwamnati ke hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, mu direbobi muna ƙin shan ruwa don kar fitsari ya tsayar da mu, wannan kaɗai yana kawo ciwon kai da nauyin ido.

Ummu Faisal (nas, Madina):
Gaskiya ne, musamman makonnin farko na rage sitaci jiki yana zubar da ruwa da gishiri da yawa, shi ya sa wasu ke jin jiri da ciwon kai, mai shan maganin hawan jini ma ya kamata a duba masa awonsa. Kuma wanda ya daɗe a kan metformin ya roƙa a gwada masa bitamin B12, ƙarancinsa na kawo kasala da mantuwa da jin ƙafa na yin kamar ana tsira allura. Abin da nake so kowa ya riƙe, suga in ya hau yana sa barci da duhun kai, in ya faɗi ma yana sa su, kuma maganin ɗaya kishiyar na ɗayan ne. Na sha ganin wanda ya ji kasala ya ɗauka faɗuwa ce ya shanye asir, ashe yana 300. Hajiya ta Karantina, na ji maganarki ta takardu kuma ban raina ta ba. Ko a saidaliyya ne ki nuna wa mai harhaɗa magani kwalin da kike sha ki tambaye shi ko yana cikin masu kayar da suga, in yana ciki to ki rage sitacin a hankali kuma kar ki tsallake abinci.

Baba Rusaifa:
'Yata Ummu Faisal Allah ya yi miki albarka, na gwada jiya kamar yadda kika ce. Tuwon masara malmala biyu da miyar kuka, bayan awa biyu 236. Ban ji daɗi ba amma na gani da idona. Yau zan sa a yi min ɗaya. To azumi fa, ni Litinin da Alhamis ba na bari, ga Ramadan na tafe.

Ummu Faisal (nas, Madina):
Baba ku je a duba magungunan tun saura wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan, don lokutan sha da adadi suna canzawa. Gwajin yatsa ba ya karya azumi. In kun ga ƙasa da 70 ko sama da 300 to a sha ruwa, wannan ita ce ƙa'idar da likitoci da malamai suka haɗu a kai. Wajen buɗa baki kuma dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, Vimto da sambusa da luƙaimat su ne ke sa mutum ya kasa tsayuwar tarawihi.

Abu Sumayya (Jidda):
'Yan uwa na dawo, na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na je jiya da safe, na ba da motar wa wani yaro ya yi min tirip ɗin. Da na ce wa likitan ni direba ne kuma na ga 58 a hanyar Makka sai ya ajiye biro ya juyo gaba ɗaya yana kallona. Ya yi min faɗa kan rashin sanar da shi, kuma ya yi gaskiya. Ya cire gliclazide ɗin, ya bar metformin, ya ce in ci gaba da tsarin abincin amma kar in matsa da yawa, kuma in rubuta awon safe da na bayan abincin rana na sati biyu in kawo masa, daga nan zai ga ko akwai buƙatar ƙara wani maganin da ba ya kayarwa. Ya rubuta min gwajin ƙoda da B12 ɗin da Ummu Faisal ta ce. Maganar minshari ma na tambayi Maman Sumayya ta ce ina yi amma ba ta lura da ɗaukewar numfashi ba, ta ce za ta saurara.

Yau na yi Jidda zuwa Makka sau biyu. Kafin in ta da mota 128. Na sa asir biyu da ledar dabino a aljihun ƙofa, da gyaɗa da dafaffen ƙwai a kula saboda irin jiran ranar nan. Na kuma gaya wa yaron da ke taya ni lodi alamomin, na ce in ya ga ina gumi ina magana ba kai ya ba ni asir, in kuma na suma kar ya ɗura min komai a baki ya kira 997. Tsohuwar nan ta Katsina ina da lambar jagoran tawagarsu, jibi za su wuce Madina kuma na roƙa a ba ni su, ina so in kai ta da kaina in saya mata ajwa a can.

Sadik_Riyad:
masha Allah kawu. nima naje, ya dakatar min da Jardiance din yace in dawo bayan sati biyu da gwaji

Hajiya ta Karantina:
Maman Hanan kabejin ya yi, har yaran suka cinye min rabi. Zogalen nan a ina kike samu, a Jidda ya yi wuya kwana biyu.

Maman Hanan (Misfala):
Akwai mata masu kasawa a Shari' Mansur bayan la'asar. In Abu Sumayya zai biyo ta Misfala ranar Asabar sai in ɗaura miki leda biyu ya taho miki da su.

Abu Sumayya (Jidda):
Zan biyo insha Allah Hajiya, bayan na sauke baƙi, wajen ƙarfe biyar.